Suruki a Kan Gadon Tiyata

Ku yaran yanzu, in kun gan ni ina tura gado mai taya a barandar asibiti, sai ku ce wannan ai kowa ma ya iya. Wani ɗan maƙwabcina har ce mani ya yi, "Baba Lawal, ku ai dako kuke yi, sai dai kayanku na numfashi." Na yi dariya, don ta wani gefen da gaskiyarsa. Amma buhun masara ba ya jin tsoro, ba ya jin kunya, kuma ba ya riƙe mazagin wandonsa ya ce sai dai a kashe shi. Ni ma'aikacin ɗakin tiyata ne, tun ina da baƙin gashi. Ba likita ba ne ni, ba nas ba, firamare ma ban ƙarasa ba. Ni ke wanke ƙarafan aiki, ni ke dafa su, ni ke aske marar lafiya, in kai shi, in dawo da shi, in goge jinin da ya bari a ƙasa. Gwiwoyina sun gaji, bayana ya gaji, amma bakina bai gaji ba, don haka ku saurara.

Aski ne aikin farko da aka fara nuna mani, kuma ba askin kai nake nufi ba. Wanda za a yi wa aikin ƙaba, sai an share gashin mararsa tas kafin wuƙa ta taɓa shi. Wanda ya koya mani, Baba Bitrus, mutumin Filato ne, amma ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Ranar wani mahauci ne, ƙato, wanda kullum hannunsa cikin jini yake, amma da ya ga reza a hannun Baba Bitrus sai ya maƙure a bango kamar akuyar da aka kai mayanka. Baba Bitrus bai ce mashi ya tuɓe ba. Zane ya yafa mashi daga ƙirji har gwiwa, ya zauna a gefe yana kaɗa sabulu, ya ce, "Sarkin fawa, wai da gaske ne yanzu kuna hura wa nama iska don ya yi auki?" Mutumin nan ya fusata, ya shiga rantse-rantse yana kare mahautan duniya kaf. Kafin ya gama kare su an gama aski. Da muka fito Baba Bitrus ya ce mani, "Ka ba bakinsa aiki, hannunsa zai saki wando. Kuma kada ka buɗe fiye da tafin hannu. Abin da ba ka da aiki da shi, ba naka ba ne, kada ka kalla."

Ƙarafan kuwa kowanne da halinsa. Sunayensu na Turanci da kunne na kama su, amma ni da baki na fi sanin su: wannan hantsaki mai haƙori ne, wancan marar haƙori, wancan mai lanƙwasar wuya, shi ake kama jijiyar jini da shi. Akwai almakashin nama, akwai na zare. Ka kuskura ka yanka zare da na nama, Sista Rifkatu, babbar nas ɗin ɗakin tiyatarmu, za ta yi maka kallon da za ka gwammace mari. Bayan aiki sai ka bi gaɓar kowane ƙarfe da burushi, don jini can yake ɓuya. Sannan ka naɗe su cikin koren ƙyalle ka jera a tukunyar dafa kaya, ta yi ta huci har tururi ya kashe duk wata cuta. Wannan tukunya ta ƙone ni a hannu ya fi a ƙirga, ga tabon nan.

Masu zuwa mana kuma, rabin ciwonsu kunya ce. Dattijo zai zo fitsari ya tsaya mashi, mara ta yi tsiri kamar tulu, yana gumi, ka tambaye shi ya ce ɗan ciwon baya ne. Sai an lallaɓa an zura mashi robar fitsari, ruwa ya fara zuba a leda, sannan ka ji albarka. Irin addu'ar da dattijo ke yi a wannan lokacin, ban taɓa jin wani liman ya yi mai daɗinta ba. Daga baya likita ya duba ya ga ko wani ƙululu ne a bakin mafitsara ya toshe hanya, ko tsakuwa ce, a sa ranar aiki. Mata masu ƙari a mahaifa, wata sai maƙwabta sun gaji da yi mata barkar ciki kafin ta yarda ta zo a yi hoto. Su kam aikina a bakin ƙofa yake tsayawa, Sista ke karɓar su. Na ga mai shayin da jijiyoyin ƙafarsa suka murɗe kamar igiyar guga saboda tsayuwa, ya ɓoye su cikin safa har suka fashe.

Amma sarakan ɓoyo su ne masu ƙaba. Yadda likita ya kwatanta mani ita, bangon ciki ne ke samun ɓaraka kamar buhun da ɗinkinsa ya saki, sai hanji ya riƙa leƙowa ta nan, ya tsaya a matsematsi ko ya gangara ƙasa. Muddin yana komawa in an danna, aikin mai sauƙi ne, a mayar da shi a ɗinke wurin. Ranar da ya fito ya maƙale ya ƙi komawa, to an shaƙe shi ke nan. Jini ba ya zuwa mashi, sai ya mutu ya ruɓe a ciki, ya tafi da mai shi. Manoma sukan yi shekara da shekaru suna ɗaure ta da ɗamara, a rataya mata laya, a ce sai bayan kaka.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda aka yi wani dogon yajin aiki a asibitocin gwamnati. Namu ƙaramin asibitin kuɗi ne, can wajen Ƙofar Kwaya, gadajenmu ba su da yawa. Mai asibitin, tsohon likita, shi kansa yana kwance ba lafiya a wani gari. Baba Bitrus ya riga ya aje aiki ya koma gida. Likitan fiɗa ɗaya tak ya rage mana, Dakta Kabir. Mutane suka yi ta kwararowa, wasu a tabarma ƙarƙashin inuwar bedi, ƙarin ruwansu rataye a reshe. Wuta ba ta zuwa, janareta na tari kamar tsohon mai shan taba, wata rana a kan gawayi nake dafa ƙarafa. Ƙafafuna suka kumbura har takalmina ya ƙi shiga, na koma sa silifas ɗin ɗana. Dakta Kabir kuwa mutum ne mai baki. In yana aiki ba ya shiru: ya kira almakashi da ƙarfi, ya tsokani Sista, ya ba mai allurar kashe jiki labarin ƙwallo, ya daka mani tsawa, "Lawal, fitila!" Ana jin muryarsa tun daga bakin titi.

Wata rana bayan azahar aka tsayar da a-kori-kura a ƙofarmu. A baya wani dattijo ne kwance a kan buhuna, ya dunƙule, ƙanensa na riƙe da kansa. Alhaji Mamman sunansa, manomi daga Batagarawa, ƙanen kuma Malam Idi. Na ɗora shi a gado na tura ɗakin duba marasa lafiya. A hanya ya yi amai kore.

Na ce, "Alhaji, ina ke ciwo?"

Ya ce, "Ɗan ciki ne. Wake na ci."

Ni kuwa na riga na hango ɗamara ƙarƙashin rigarsa. Na yafa mashi zane, na ɗauko zancen gyaɗa, na ce an ce ta Batagarawa bana duk ɓawo ce ba ƙwaya. Duk da azabar da yake ciki sai da ya buɗe ido ya ce wanda ya faɗa bai san gyaɗa ba. Yana cikin yi mani bayani na ɗaga gefen zane. Abin da na gani ya kai ƙaramar kankana, ya yi tauri, ya yi zafi. Ya ce tun jiya da ya ɗaga buhu ƙabar ta sauko, ya danna ya danna ta ƙi komawa.

Na ruga na kira Dakta. Ya taho da sauri yana faɗa tun daga nesa, "Ina yake? Tun yaushe? Me ya sa mutanenmu ba sa zuwa sai abu ya..." Sai ya yi kiciɓis da Malam Idi a baranda. Maganar ta tsinke. Kawai na ga likitanmu ya zube ƙasa ya durƙusa, farar rigarsa na sharar siminti.

"Baba, barka da rana. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Malam Idi da haɓa ya nuna mashi ƙofar ɗakin. Dakta ya dube ni, na dube shi. Ashe Alhaji Mamman surukinsa ne, ɗiyarsa ta fari yake aure. Tun da aka yi auren nan ba wanda ya taɓa kiran sunan wani, ba wanda ya taɓa cin abinci gaban wani. Dalilin da ya sa ma tsohon ya ɓoye ƙabar shekaru ke nan, don ya san in gida suka ji, wajen wa za a kai shi. Malam Idi ya zagaya gari da shi, ko'ina a rufe, shi ne ya kawo shi nan ba tare da ya gaya mashi ba.

Daga cikin ɗaki muka ji murya. Tsohon ya ji gaisuwar, ya gane mai ita.

"Lawal! Zo ka hid da ni daga nan."

Na shiga na tarar ya tashi zaune, ya ja babbar riga ya lulluɓe har ƙafa, gumi na zuba daga gemunsa.

Na ce, "Alhaji, ina za ka? Hanjinka a shaƙe yake. In ba a buɗe shi yau ba, ruɓewa zai yi."

"Shi ruɓe. Mijin ɗiyata shi ga tsiraicina? A mai da ni gida in mutu da mutuncina."

Ni ba na iya zagaye-zagaye. Na ce, "Alhaji, in ka mutu ɗin ma ai tuɓe ka za a yi a wanke."

Ya ce, "Mai wankan ba surukina ba ne."

Na fito. A baranda Dakta na ta buga waya. Wani likitan ya yi tafiya, wani yana tsakiyar aiki da layi a bayansa, wani wayarsa a kashe. Kano kuwa ya ce hanjin ba zai jure hanya ba, kuma can ma yajin ake. Malam Idi ya matso ya rage murya.

"Likita, a ce mashi wani baƙon likita ne ya zo daga Zariya mana. Wa zai gaya mashi?"

Dakta ya girgiza kai. "Baba, ba zan yanka mutum a kan ƙarya ba. Balle shi. In wani abu ya faru, da wane ido zan kalli gidanku?" Sai ya juyo kaina. "Lawal, shiga ka tambayo mani. Amai nawa ya yi, ya yi bayan gida, kuma ya yi tusa?"

Na ce, "Dakta, ni zan tambayi Alhaji wannan?"

"To ni zan tambaya?"

Na koma. Amai da bayan gida ya amsa mani da ƙyar. Da na zo ta ukun sai na kalli silin, na tambaya. Tsohon ya zuba mani ido.

"Wa ke tambaya?"

Ban san inda amsar ta fito ba. Na ce, "Asibiti ke tambaya."

Ya ce, "To ka ce ma asibiti tun jiya ko iska ba ta hita ba."

Haka na yi ta zirga-zirga tsakanin ɗaki da baranda, asibiti na tambaya, Alhaji na ba asibiti amsa. Sista Rifkatu ta shigo ta sa mashi ƙarin ruwa. Ita ma ba ta ɓoye mashi ba, ta ce, "Baba, na ga waɗanda suka jira. Ba mutuwa mai daɗi ba ce, kuma a gaban iyalinka za ka yi ta. Can ne tsiraicin yake." Ya ce, "Ke ɗiyar nan, yi aikinki." Amma na ga maganar ta shige shi. Ciwon ya sake murɗa shi, ya riƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Da ya lafa, sai ya kira ni da yatsa.

"Can cikin ɗakin yankan, yaya ake?"

Na ce, "Kowa kore yake sawa, riga iri ɗaya, hula iri ɗaya, takunkumi a fuska, ido kawai ake gani. Kai kuma za a rufe ka ruf da ƙyalle, a bar wurin aiki kaɗai. Sannan a tare maka labule a ƙirji, ba ka ganin abin da ke ƙasa, na ƙasa ba ya ganin fuskarka."

"Kai kana gane su?"

"Da murya nake ganewa."

"To in mutum bai yi magana ba hwa?"

Na ce, "In bai yi magana ba, koren ƙyalle ne kawai da ido biyu." Sai na ƙara, don kada a ce na rufe shi, "Amma Alhaji, ka dai san likita ɗaya gare mu."

Ya harare ni. "Na tambaye ka? Asibiti shi yi aikinshi. Amma kar in ji muryar wani wanda na sani. Kuma ban son barcin nan naku. An ce mutum na hwarkawa yana tone-tone, yana zagin mutane. Idona biyu za a yi."

Na kai saƙo. Dakta ya sauke numfashi kamar wanda aka sauke wa dutse. Mai allurar kashe jiki ya ce zai yi ta baya, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, tsohon na farke. Amma ya ce a gaya mashi, in aka buɗe aka tarar hanjin ya mutu, dole a sa shi barci a yanke ruɓaɓɓen a haɗa. Na gaya mashi. Ya ce, "In an kai can, ka toshe mani baki da rawanina."

Na aske shi, muka shiga da shi. Sai da aka gama rufe shi aka tare labule sannan Dakta ya shigo, a hankali kamar ɓarawo, hannuwa sama cikin safa. Ya fara lalubar wurin, ya kaɗa kai, ya miƙa hannu. Sista ta ɗora mashi wuƙa. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Mutumin da ba ya iya yin shiru ko a layin alwala, ga shi yana magana da yatsu. Ya buɗe yatsu biyu, ta ba shi almakashi. Ya tsuke su, ta ba shi hantsaki. In fitila ta kauce, sai ya ɗaga gira, in miƙe in gyara, in dawo mazaunina wajen kan Alhaji, don an ce in riƙa yi mashi hira.

Ashe ba ya buƙatar a yi mashi, shi ya yi mana. Da ciwo ya ɗauke sai baki ya buɗe.

"Lawal, kana da ɗiya mace?"

"Ina da su, Alhaji."

"Kar ka ba likita. Ba ka ganinsu sai da salla. In sun zo ma, gindinsu bai ɗumama tabarma ba waya ta yi ƙara, sai ka ji ana 'Baba, za mu koma.'"

Na leƙa ta saman labule. Kafaɗun Dakta na rawa, dariya yake dannewa. Sista ta taka mashi ƙafa.

"Amma dai ba su da rowa," in ji tsohon. "Wannan kam ba a ce ba."

Can sai ɗakin ya yi tsit, irin shirun da duk wanda ya daɗe a tiyata ya sani. An kai ga hanjin. Na miƙe na duba: baƙi ƙirin kamar ɗinya. Dakta ya yanka zoben da ya shaƙe shi, ya saki. Ya miƙa hannu, Sista ta ba shi ƙyalle da aka jiƙa da ruwan ɗumi, ya lulluɓe hanjin, ya ɗora tafinsa a kai ya tsaya. Ba abin da ya rage sai jira. In jini ya dawo, an tsira. In bai dawo ba, sai barci da yanka, kuma tsoho mai shekarunsa, a wannan shekarar da ko jinin ƙari wahalar samu yake, kowa ya san abin da hakan ke nufi. Mai allura ya fara zuƙo maganin barci a sirinji. Gumi ya jiƙe hular Dakta, na goge mashi goshi. Idonsa ya yi ja, ga magana cike da bakinsa, ba halin yi.

"Mi ya hwaru?" in ji Alhaji. "Na ji ƙarahuna sun daina ƙara."

Na ce, "Ana ɗan jira ne."

"Lawal, kai ba ka iya ƙarya ba. Hwaɗi."

Na faɗa mashi yadda ake ciki. Ya lumshe ido, leɓɓansa na motsi. Da ya shafa addu'ar, sai ya ɗaga murya yadda na bayan labule zai ji.

"Ka ce ma asibiti kar shi ji tsoro. Abin da duk ya hwaru, ni na kawo kaina a makare. Ba wanda zai ga laihin kowa. Idi shaida ne, kai ma shaida ne."

Na ga Dakta ya sunkuyar da kai. Muka ci gaba da jira, ba a jin komai sai tarin janareta. Aka canza ƙyalle aka sa wani mai ɗumi. Sannan ya ɗaga a hankali. Baƙin ya washe, ya koma ja-ja kamar cikin gwaba. Ya ɗan taɓa shi da yatsa, sai hanjin ya motsa, ya yi 'yar miƙa kamar tana.

"Alham..." Ta kuɓuce wa Dakta, da wannan murya tasa da ake ji a titi.

"Mun gode Allah!" Sista ta rafka da ƙarfi a kai, har da sakin kwano a ƙasa.

Alhaji ya buɗe ido ɗaya. "Wa ya yi magana?"

Na ce, "Sista ce."

Ya ce, "Muryarta ta yi kauri yau. A ba ta citta."

Mai allura ya juya baya yana dariya cikin takunkumi. Aka mayar da hanji mazauninsa, Dakta ya ɗinke ɓarakar daki-daki, ya rufe fata, ya fice kafin a sauke labule.

Kwanakin da Alhaji ya yi a kwance, haka aka ci gaba. In za a duba ɗinki, ni ke riƙe zane a tsakani, wani mai takunkumi ya shigo ya duba ya fita, ba sallama ba sai an jima. An hana shi ci sai iska ta fita, don ita ke nuna hanji ya farka. Ranar da ta fita kuwa, kiran da ya yi mani sai ka ce gobara. "Lawal! Je ka ce ma asibiti an samu." Na kai labari ofis, Dakta ya buga tebur don murna, ya ce a ba shi kunu.

Ana gobe za a sallame shi, da la'asar, sai na ga Dakta ya cire farar riga ya shiga mota ya fita. Ba a jima ba sai ga shi ya dawo ta babbar ƙofa, inda 'yan dubiya ke shigowa, cikin babbar riga da hula, matarsa a bayansa riƙe da kwanon farfesu. Ya tuɓe takalmi a bakin ɗaki, a asibitin da shi ke ba kowa umarni, ya shiga ya durƙusa nesa da gado, kai a ƙasa. Matar ta raɓe a bayan ƙofa, uban bai ko kalli wajenta ba, ɗiyar fari ce. Ni ina gefe ina naɗe zanin gado, kuma ban yi niyyar gamawa da wuri ba.

"Baba, barka da yamma."

"Barka kadai."

"Mun ji abin da ya faru. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ya aiki? Ya yara?"

"Lafiya lau, suna gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne."

"Amin, amin. Madalla da zuwa."

Alhaji ya gyara rawani, ya kalli bango, ya yi gyaran murya.

"An ce kai ma nan kake aiki."

"E, Baba."

"To akwai wani likita nan, wanda ya yi mani aiki. Ba shi da gaisuwa ko kaɗan. Tun da na zo, ko sannu bai ce mani ba."

"Za a yi mashi magana, Baba."

"A'a, ƙyale shi, kowa da halinshi." Ya ɗora tafinsa a kan ɗinkin, ya ɗan shafa. "Amma hannunshi na da kyau. Ka riƙa tsayawa kusa da shi in yana aiki, ko ka koyi wani abu."

Dakta ya ƙara sunkuyar da kai har hularsa ta kusa faɗuwa.

"In sha Allahu, Baba."